Ciyar da Ƙudan Zuma a Hunturun Ƙasashen Sanyi: Lokaci, Adadi da Nau'in Abinci

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayani ne a kan yadda masu kiwon ƙudan zuma a ƙasashen sanyi, musamman Ingila da Kanada da jihohin arewacin Amurka, suke tanadar wa ƙudajensu abincin da zai fitar da su hunturu. An fara da yadda ƙudajen ke mayar da zuma makamashin ɗumama jiki, sannan aka duba adadin abincin da amya ɗaya ke buƙata, da lokacin da ya dace a bayar, da nau'o'in da ke cutarwa, da kuma dabarun ceto idan abinci ya yanke a tsakiyar sanyi. Maƙalar ta nuna cewa ainihin ciyarwar hunturu a kaka ake yin ta, kuma duk abin da aka bayar bayan sanyi ya kankama agajin gaggawa ne kawai. A ƙarshe an kwatanta da ƙasar Hausa, inda lokacin yunwar ƙudan zuma ya sha bamban da na can.

1.0 Gabatarwa

A Ingila da Jamus da Kanada da jihohin arewacin Amurka, fure yakan ɗauke tun daga wajen watan Oktoba, kuma ba ya dawowa da ƙarfi sai Maris ko Afrilu, a wasu wuraren ma sai Mayu. A tsawon waɗannan watanni ruwa yakan daskare, dusar ƙanƙara ta lulluɓe gonaki, ƙudan zuma kuwa ba ya iya fita kiwo idan ɗumin iska bai kai kimanin digiri 10 a ma'aunin Salshiyas ba. Yawancin ƙwari doguwar suma suke yi ko su mutu. A dangin rina, alal misali, dukan gida yakan mutu a kaka, sai sababbin sarauniyoyi kaɗai ke ɓuya har sanyi ya wuce. Ƙudan zuma, wanda masana ke kira Apis mellifera, ya bi wata hanya daban. Sarauniya da dubban ma'aikatanta sukan zauna a farke cikin amya, suna ɗumama kansu da zumar da suka tara. Wannan ne asalin dalilin da ya sa suke tara abin da ya fi cin yau da gobe.

Matsalar tana farawa ne daga lokacin da mutum ya shiga tsakani. Mai kiwo yakan kwashe zuma a watan Yuli ko Agusta ya kai kasuwa, alhali abin da ya ɗiba shi ne rumbun hunturun ƙudajen. Idan bai mayar musu da madadinsa a kan kari ba, gawarwaki zai tarar a bazara. Ƙididdigar shekara-shekara da ake yi a Amurka tun daga 2007 tana nuna cewa asarar hunturu takan kama daga kashi 20 zuwa kusan kashi 40 cikin ɗari na amyoyi, kuma yunwa tana cikin dalilan da masu kiwo suka saba ambatawa, tare da cututtuka da gazawar sarauniya.

A wannan maƙala, "amya" na nufin mazaunin ƙudajen, "iyali" kuma na nufin sarauniya da ma'aikatanta. An yi amfani da "kaka" ga watannin Satumba zuwa Nuwamba, "hunturu" ga Disamba zuwa Fabrairu, "bazara" kuma ga Maris zuwa Mayu, lokacin da itatuwan can ke toho.

2.0 Yadda Iyali Ke Rayuwa Cikin Sanyi

Da zarar ɗumin iska ya sauka zuwa wajen digiri 14, ƙudajen sukan fara matsowa kusa da juna, har su zama dunƙule guda mai kama da ƙwallo, wanda faifan saƙa ke ratsawa ta tsakiya. Dunƙulen yana da sashe biyu. A waje akwai ɓawo, inda ƙudaje ke cunkushe, kawunansu na kallon ciki, gashin jikinsu ya sarƙe ya zama bargo. A ciki akwai sarari kaɗan, inda wasu ke karkarwa da tsokar fiffike ba tare da fiffiken ya motsa ba. Wannan karkarwa ita ce murhun amya, zuma kuma ita ce itacen. Ɗumin ɓawon yakan tsaya a wajen digiri 8 zuwa 10, domin ƙudan da jikinsa ya yi sanyi ƙasa da haka yakan sandare, ya kasa motsi, ya faɗo ya mutu. Tsakiyar dunƙulen kuwa takan haura digiri 20 idan babu 'ya'ya, idan kuma akwai 'ya'ya dole a riƙe ta a digiri 34 zuwa 35. In sanyi ya tsananta dunƙulen ya tsuke, in ya sassauta ya saki.

Ƙudajen ba sa ɗumama amya gaba ɗayanta, kansu kawai suke ɗumamawa. Saƙar da ke nesa da dunƙulen da taƙi ɗaya tana iya yin sanyi daidai da waje. Wannan batu zai sake tasowa a sashe na 6.0, domin shi ne ke sa iyali ya mutu da yunwa alhali ga zuma a gefensa.

Su kansu ƙudajen hunturu daban suke da na lokacin zafi. Ma'aikaciyar da aka ƙyanƙyashe a watan Yuni takan yi mako biyar zuwa shida ta mutu saboda wahalar kiwo. Wadda aka ƙyanƙyashe daga ƙarshen Agusta zuwa Oktoba kuwa takan kai wata biyar ko shida, saboda ta tara kitse da furotin a jikinta, kuma ba ta shayar da tsutsotsi da yawa ba. Iyalin da ya kai ƙudaje 50,000 a lokacin zafi yakan ragu zuwa tsakanin 10,000 da 20,000. Mazan, waɗanda ba su da aiki sai barbarar sarauniya, ma'aikata kan kore su waje a kaka su mutu, don kada su rage abinci. Tattalin hunturu ke nan tun kafin mai kiwo ya sa hannu.

3.0 Adadin Abincin da Ake Buƙata

3.1 Bambancin Wurare

Adadin ya danganta da tsawon hunturu da girman iyali. A Ingila ana ɗaukar kimanin kilogiram 18 zuwa 20 a matsayin abin da zai ishi matsakaicin iyali. A jihohin arewacin Amurka ana neman kilogiram 27 zuwa 40, a kudancin ƙasar kuwa ƙasa da haka ya wadatar. Firam ɗaya na amyar Ingila, idan ya cika fuska biyu kuma an like shi da kaki, yana ɗauke da zuma fiye da kilogiram 2 kaɗan, saboda haka mai kiwo kan nemi cikakkun firam takwas ko tara.

Cin abincin ba ya tafiya daidai wa daida a tsawon watannin. Thomas Seeley da Kirk Visscher sun auna nauyin amyoyi a jihar Konetikat ta Amurka, suka wallafa sakamakon a 1985. Sun gano cewa iyali yakan ci ƙasa da rabin kilogiram a mako idan babu 'ya'ya, amma cin yakan ninka da zarar an fara reno. Sarauniya takan koma yin ƙwai jim kaɗan bayan rana ta fara tsawo, wato ƙarshen Disamba ko cikin Janairu, alhali fure yana da sauran wata biyu ko uku. Don haka mafi yawan mutuwar yunwa a watannin Fabrairu da Maris da farkon Afrilu take aukuwa, lokacin da mai kiwon da bai ƙware ba yake ganin ƙudaje na shawagi a bakin amya, ya ɗauka an tsallake.

Binciken da Seeley ya yi a dazuzzukan da ke kewaye da garin Itaka na jihar Niyok ya nuna tsananin lamarin a inda babu mai ciyarwa. A cikin sababbin iyalai da suka kama kogon itace a shekarar, kusan ɗaya cikin huɗu ne kawai ke ganin bazara, saboda ba su samu lokacin gina saƙa da cika ta ba. Tsofaffin iyalai masu rumbu kuwa mafi yawansu sukan tsira.

3.2 Yadda Aka Faro

Kafin ƙarni na 19, Turawa a amyar ciyawa suke kiwo, mai siffar kwando a kife, wadda ba a iya duba cikinta. A kaka sai mai kiwo ya ɗaga kowace ya ji nauyinta. Masu nauyi sosai da marasa nauyi sai a kashe ƙudajensu da hayaƙin farar wuta a kwashe zumar, na farko don ribarsu, na biyu don an san ba za su kai bazara ba. Matsakaitan ne ake bari su zama iri. Abu biyu suka sauya wannan al'ada. Na farko shi ne amya mai firam da ake cirewa a mayar, wadda Lorenzo Langstroth ya ƙera a Amurka a 1851, ya yi mata rajista a 1852. Na biyu shi ne arahar da farin sukari ya yi a wannan ƙarni, bayan an fara tace shi daga wani nau'in gwoza da ake nomawa a Turai. Daga nan ne ya zama ana iya ƙirga abincin da ke cikin amya, a cike gurbin abin da ya gaza. A yaƙin duniya na biyu, lokacin da ake rabon sukari da kati a Birtaniya, an ware wa masu kiwon zuma kaso na musamman, har aka riƙa rina shi kore don kada ya ɓulla a kofin shayi.

4.0 Ciyarwar Kaka

4.1 Dalilin Gaggawa

Ruwan sukari ba ya zama abincin ajiya sai ƙudaje sun sarrafa shi kamar yadda suke sarrafa ruwan fure. Sukan tsotse shi, su gauraya shi da wani sinadari daga jikinsu mai raba sukarin gida biyu, su zuba a ramukan saƙa, sannan su yi ta fifita da fiffike har ruwan da ke ciki ya sauka zuwa wajen kashi 18 cikin ɗari, kafin su like da kaki. Wannan aiki yana buƙatar ɗumi. Idan rana ta daina kaiwa digiri 10, ƙudajen ba sa iya barin dunƙule su je mazubi, kuma abin da suka riga suka zuba ba ya ƙafewa. Sai ya yi tsami a cikin saƙa, ya jiƙa amya, ya ɓata musu ciki. Shi ya sa a Ingila ake son a kammala ciyarwa kafin ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba, a filayen noman Kanada kuwa, kamar Alberta da Saskacewan da Manitoba, tun cikin Satumba. Tun ran gini, tun ran zane.

Gaggawar ma tana da iyaka. Idan aka tuttula musu ruwan sukari mai yawa tun cikin Agusta, sukan cika ramukan da sarauniya za ta yi ƙwai, sai a rasa ƙudajen hunturu. Rumbu ya cika, masu ci sun yi kaɗan, ƙaramin dunƙule kuwa ba ya riƙe ɗumi. Bayan haka dunƙulen yana buƙatar wasu ramuka fanko a ƙasan zumar, inda ƙudaje za su shige su haɗa jiki ta fuska biyu na saƙa.

4.2 Haɗi da Mazubi

Haɗin kaka mai kauri ne: awo biyu na farin sukari da awo ɗaya na ruwa bisa nauyi, wato kilogiram 2 a lita 1. A wannan haɗi ruwa kashi 33 ne cikin ɗari, don haka abin da ƙudaje za su ƙafar kaɗan ne. Haɗin bazara kuwa, awo ɗaya da awo ɗaya, rabinsa ruwa ne, ya fi kama da ruwan fure, kuma yana zuga sarauniya ta ƙara ƙwai, abin da ba a so a bakin hunturu. Ana narkar da sukarin a ruwan zafi ba tare da an tafasa haɗin ba. Wajen lissafi, kilogiram ɗaya na busasshen sukari yakan ba da kimanin kilogiram ɗaya na abincin ajiya, tun da ƙudajen kan ƙone wani kaso wajen aikin. Amyar da ke da kilogiram 12 alhali ana neman 20 tana buƙatar sukari kilogiram 8.

Mazubai iri-iri ne. Akwai faffaɗan tire da ake ɗorawa a saman amya, akwai bokiti mai ƙananan huji a murfi da ake kifewa a kan ramin rufi, akwai kuma mai siffar firam da ake ratayawa a ciki, wanda ake sa wa abin da ke yawo a saman ruwa don kada ƙudaje su nutse. Manyan masu kiwo a Kanada sukan ajiye ganga a fili su zuba ciyawa a kai, duk da cewa wannan hanya ta fi amfanar iyalai masu ƙarfi, kuma tana iya yaɗa cuta. Kowace hanya aka bi, sai an fara cire akwatunan zumar sayarwa, domin kada sukari ya shiga cikinta ya zama algus. An fi son a ciyar da yamma, a rage faɗin ƙofar amya, a kuma guji zubar da ko ɗigo a ƙasa. A kaka fure ya yi ƙaranci, ƙanshin sukari kan jawo ƙudajen maƙwabta da rina su yi wa raunanan iyali fashi, su wawashe rumbunsa cikin kwana ɗaya ko biyu.

5.0 Abincin da Ke Cutarwa

Ƙudan zuma ba ya bayan gida a cikin amya. Yakan riƙe har makonni, sai ranar da rana ta ɗan yi ɗumi ya fita ya sauke. Saboda haka abincin hunturu na gari shi ne wanda ba ya barin tuka da yawa a hanji. Tataccen farin sukari ya cika wannan sharaɗi. Jan sukari da madin rake da duk abin da ba a tace ba, irin su mazarƙwaila, suna ɗauke da ma'adinai da ƙudan ba ya iya narkarwa. Hanji yakan cika kafin ranar fita ta zo, zawo ya ɓarke a kan saƙa, idan kuma akwai ƙwayar cutar hanji da ake kira nosema, sai ta bi kashin ta game iyali. Abin da ya fi gina jikin mutum a nan shi ne ya fi kashe ƙudan.

Ƙonannen sukari ma guba ne. Idan aka dafa haɗin ya daɗe a wuta, musamman in an zuba masa wani abu mai tsami, yakan haifar da sinadarin da ake taƙaita sunansa da HMF, wanda ke gajarta ran ƙudaje. Duk haɗin da ya fara yin ja, zubarwa ake yi.

Zumar kasuwa ta fi duka haɗari. Tana iya ɗauke da irin ƙwayar Paenibacillus larvae, mai ruɓar da tsutsotsi a cikin saƙa, wadda ke rayuwa shekaru masu yawa kuma tafasawar gida ba ta kashe ta. A Ingila doka ta wajabta a sanar da hukuma idan cutar ta ɓulla, kuma ƙone iyalin ake yi da saƙarsa. Zumar da aka yarda a mayar wa ƙudaje ita ce tasu, ko ta wata amya a garken mai kiwon wadda ya tabbatar da lafiyarta.

Ko zumar da suka tara da kansu ba kowace ce ke fitar da su ba. A dazuzzukan Jamus da Ostiriya da Suwizalan, ƙudaje kan kwaso wani ruwa mai zaƙi da ƙananan ƙwari ke fitarwa a jikin itatuwa, irin darɓar da ake gani a ganyen dawa. Zumarsa tana da ma'adinai da yawa, wani lokaci kuma takan daskare a saƙa har masu kiwo na kiranta zumar siminti. Zumar furen kanola a Kanada ita ma saurin daskarewa take yi. Daskararriyar zuma sai da ruwa ake narkar da ita, ruwa kuwa ba ya samuwa idan sanyi ya hana fita. A irin waɗannan wurare masu kiwo kan cire wani kaso su maye gurbinsa da ruwan sukari.

6.0 Ceto a Tsakiyar Hunturu

6.1 Gane Halin da Ake Ciki

Ba a zare firam a cikin sanyi, domin fasa dunƙule na iya kashe iyali. Mai kiwo yakan sa hannu a bayan amya ya ɗan ɗaga ta. Wanda ya fara yin haka tun Oktoba, lokacin da take cike, hannunsa zai riƙa gaya masa yadda take raguwa. Wasu kan yi amfani da sikelin rataye, wasu kuma na'urar awo da ke aika nauyi zuwa waya. Wata alamar ita ce wurin da dunƙulen yake. A kaka yakan zauna a ƙasa, ya riƙa ci yana hawa sama inda ɗumi ke taruwa. Idan aka ɗaga rufi a Janairu aka tarar da ƙudaje sun cika saman firam, mai yiwuwa sun cinye abin da ke bisansu.

A nan ne batun da aka ambata a baya yake tasowa. A cikin matsanancin sanyi dunƙule ba ya iya tsallaka firam biyu ko uku na fanko zuwa zumar da ke gefe, kuma idan akwai 'ya'ya ba ya yarda ya bar su. Sai a tarar a bazara ƙudaje sun mutu kawunansu a cikin ramuka, ga kilogiram biyar ko fiye na zuma a ɗaya ɓangaren. Saboda haka shirya saƙa a kaka, ta yadda zuma za ta kasance a sama da kuma jikin dunƙule, daidai yake da ƙara adadi. Haka kuma dole a cire ragar da ke tsare sarauniya a ƙasa, in ba haka ba ma'aikata za su bi abinci sama su bar ta ta daskare.

6.2 Abinci Mai Ƙarfi

Abincin ceto ba ya zama ruwa. An fi amfani da wata alewar sukari mai laushi da masu gashin kek ke kira fondan. Ana yanka kilogiram ɗaya ko biyu, a bar ta cikin leda don kada ta bushe, a tsaga ledar ta ƙasa, a ɗora kai tsaye a bisa dunƙulen. Wasu kan zuba dafaffiyar alewa a cikin murfin katako ta daskare, su kife shi a kan firam. Wasu kuma, musamman a Amurka, sukan shimfiɗa takardar jarida su zuba busasshen sukari a kai. Duk aikin bai kamata ya wuce minti ɗaya ko biyu ba, a ranar da babu iska. Amma idan amya ta yi sakayau, ba a jiran rana mai kyau, domin sanyin minti biyu ya fi yunwar mako guda sauƙi. Wanda ya fara ba da alewa kuma dole ya ci gaba da dubawa har fure ya buɗe.

Ƙudajen kan narkar da wannan abinci da laimar numfashinsu. Kowane kilogiram na zuma da suka ci yakan fitar da kusan kashi biyu cikin uku na lita na ruwa, ke nan kilogiram 20 zai ba da wajen lita 13 a tsawon hunturu. Idan tururin ya haɗu da rufi mai sanyi, sai ya zama raɓa ya ɗigo a kan dunƙule, jiƙaƙƙen ƙuda kuwa ba ya jure sanyin da busasshe ke jurewa. Don haka ake sa abin tare sanyi a saman rufi, a kuma bar kafar da iska za ta fita. A Kanada wasu kan naɗe amyoyi hurhuɗu cikin bargo na musamman, wasu kuma su shigar da su ɗaki mai duhu da ake riƙe ɗuminsa a digiri 4 zuwa 5, inda cin abincin iyali ya fi raguwa. Kafin 1987 da yawa daga masu kiwo a yammacin ƙasar kashe ƙudajensu suke yi a kaka su sayo sababbi daga Kalifoniya a bazara. Rufe iyaka da aka yi a shekarar saboda ƙwarin da ke addabar ƙudan zuma shi ya tilasta musu ƙwarewa a fitar da iyali hunturu.

7.0 Garin Fure da Lafiyar Ƙudaje

Sukari makamashi ne kawai. Furotin da kitse daga garin fure suke zuwa, kuma da su ake renon tsutsotsi. Iyalin da ya samu garin fure isasshe a Agusta da Satumba shi ke haifar da ƙudajen hunturu masu ƙiba. A tsakiyar hunturu ba a cika ba da ƙarin furotin ba, saboda yana zuga reno, reno yana ninka cin zuma, kuma yana cika hanji. Akan jira sai saura 'yan makonni fure ya buɗe, sannan a ɗora wainar garin fure ko ta garin waken soya da yis. Masu kai amyoyi gonakin almon na Kalifoniya, inda ake tara kimanin miliyan biyu a kowane Fabrairu don barbarar fure, su kan fara da wuri da gangan, domin ana biyansu ne bisa ƙarfin iyali.

Akwai kuma abin da ciyarwa ba ta gyarawa. Ƙwaron baroa, mai kama da ƙaramar kaska, ya shiga Amurka a 1987, aka gan shi a Ingila a 1992. Binciken Samuel Ramsey da abokan aikinsa, wanda ya fito a 2019, ya nuna cewa kitsen jikin ƙudan yake ci, wato ainihin guzurin da ƙudan hunturu ya dogara da shi, ga kuma ƙwayoyin cuta da yake yaɗawa. Iyalin da baroa ya ci ƙarfinsa a Agusta yakan ƙare a Disamba ya bar rumbu cike. Maganin ƙwaron da ciyarwa a lokaci guda ake tsara su, da zarar an kwashe zumar sayarwa.

8.0 Abin Lura ga Mai Kiwo a Ƙasar Hausa

Yawancin littattafai da bidiyoyin kiwon zuma da ke yawo a intanet daga ƙasashen sanyi suke, kuma kalmar hunturu tana iya ruɗar mai karatu. Hunturun ƙasar Hausa lokacin fure ne ga manyan itatuwa. Gawo yakan yi ganye da fure bayan ɗaukewar ruwa, mangwaro da kaɗanya da rimi da ɗorawa kuma su biyo baya daga Disamba zuwa Maris. Daga wannan ne ake samun zumar da ake sha a bazara. Ƙarancin abinci ya fi zuwa a tsakiyar damina, lokacin da ruwa ke hana fita yana kuma wanke fure, da kuma ƙarshen rani a wuraren da itatuwa suka yi ƙaranci, inda ƙishirwa kan fi yunwa tsanani.

Halin ƙudan ma daban ne. Na Afirka ta Yamma, Apis mellifera adansonii, ba ya zama ya jira mutuwa. Idan abinci ko ruwa ya yanke, ko aka dame shi, sai ya tashi gaba ɗaya ya bar amya. Kalandar Ingila ba ta da amfani a Zariya ko Maraɗi, amma ƙa'idojin suna nan: a san watan da fure ke yankewa a yankin, a bar wa iyali kaso idan an zo shan zuma, a ba da farin sukari kaɗai kuma a cikin amya don gudun fashi da tururuwa, a ajiye ruwa kusa da tsakuwa ko kara a ciki, kada kuma a ciyar lokacin da ake tara zumar sayarwa. Mai kwashe saƙa duka da wuta cikin dare, kamar yadda aka saba a amyar gargajiya, yakan ci riba sau ɗaya ya koma jiran sabon ƙuda.

9.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa iyalin ƙudan zuma mai yawa da lafiya yana jure sanyi mai tsanani matuƙar yana a bushe kuma abinci na jikinsa. Abin da ke yanke hukunci shi ne aikin Agusta da Satumba: a magance baroa, a auna rumbu, a cike gurbi da haɗi mai kauri tun ɗumi bai ƙare ba, a kuma jera saƙa inda dunƙule zai iya kaiwa. Alewar Janairu tana ceton wanda ya gaza, amma ba ta mayar da ƙudajen da ba a haifa ba a kaka. Mai kiwo a ƙasar sanyi da takwaransa na ƙasar Hausa lissafi ɗaya ke gabansu duk ranar da suka buɗe amya don ɗiba: kilogiram nawa za a bari, kuma wata nawa ya rage kafin fure na gaba.